Kama Da Wane Ba Ta Wane

A cikin watan jiya mun yi rangadi na kwana shida a ƙasar Rano da Kibiya, domin mu duba ɗalibanmu na kwalejin horon malamai waɗanda aka rarraba makarantu su koyi aikin koyarwa. Mun ga abubuwa da dama na farin ciki, waɗanda za mu ba da labarinsu wani jiƙon in Allah Ya kai mu. Amma akwai abu guda da muka tarar wanda bai kamata mu jinkirta maganarsa ba, domin yana iya cin rai, ga shi kuwa maganinsa ba ya bukatar ko kwabo, sai dai karatu da lura. Shi ne batun haɗa batirin litiyam da cajar da ba tasa ba.

Ga abin da ya faru. A wata makaranta da ke wani ƙauye a ƙasar Kibiya, wadda ba za mu ambaci sunanta ba, akwai wani malami saurayi mai himma ƙwarai. Ya je birni ya sayo 'yar fitilar nan ta hannu da a ke kira leza, mai fitar da koren haske siriri kamar tsinke, don ya riƙa nuna wa yara garuruwa a kan taswira da rana, da dare kuwa ya nuna wa manyansu taurari, su Zara da Kaza da 'Ya'yanta. Fitilar ta zo da batir ɗaya, da ɗan akwatin da a ke kwantar da batirin in za a yi caji, da kuma wayar da a ke jonawa a soket. Ana nan, wata rana wayar ta mutu. Malam ya duba cikin ɗaki, ya ga wayar dikodarsa ta kallon talabijin, ya gwada, ya ga bakinta ya shiga ramin akwatin daidai wa daida. Sai ya ce faɗuwa ta zo daidai da zama. Da aka ta da janareta bayan magariba ya sa batir, ya jona, ya ajiye a kan katifa, ya tafi masallaci sallar lisha.

Kafin a sallame, yaran da ke wasa a ƙofar gida suka ji wani huci kamar na kasa, sa'an nan suka ji ƙara kamar an harba bindiga. Katifa ta kama, labule ya kama, tarin takardun jarrabawa na aji biyu da rajistar aji duk suka zama toka. Allah Ya taimaka maƙwabta suna kusa, suka taru da ƙasa da ruwa suka kashe wutar kafin ta kai ga danga da rumbun dawa da ke bayan ɗakin. Ba a yi asarar rai ba, sai dai malamin ya ƙone a tafin hannu. Da muka karɓi wayar dikodar muka juya bayan kanta, sai ga shi a rubuce: 12V. Da muka duba gindin akwatin cajin, sai ga shi a rubuce: 4.2V. Malamin nan ya iya karatu, har lissafi ya ke koyarwa. Bai dai taɓa sanin cewa ƙananan rubutun nan dominsa aka yi su ba.

Ba mu kawo wannan labari don mu kunyata shi ba. Da muka zauna da malamai a Rano da Rurum da Kibiya muka ba su labarin, muka tambaye su gaskiya tsakani da Allah, sai mafi yawansu suka ce da su ne ma haka za su yi. Saboda haka laifin ya hau kanmu mu da mu ke horon malamai, tun da ya ke mun koya musu yadda za su tsara darasi, amma ba mu koya musu halin abin da ke cikin aljihunsu ba. To, bari mu fara biyan wannan bashi yau.

Abu na farko da ya kamata kowa ya sani shi ne batir iri-iri ne, kowane iri kuwa da nasa awon ƙarfin wuta, wanda a ke ƙidayawa da bolt, a ke kuma rubutawa da harafin V. Batirin rediyo da muka tashi da shi bolt 1.5 ne, in ya ƙare ya ƙare ke nan, ba a yi masa caji. Akwai wani mai kama da shi wanda a ke yi wa caji, a jikinsa za ka ga an rubuta Ni-MH, shi kuwa bolt 1.2 ne. Akwai batirin dalma, irin na mota da babur da tsofaffin fitilun caji, kowane gida nasa bolt 2 ne, shi ya sa na mota mai gida 6 ya ke ba da bolt 12. Sa'an nan akwai wanda mu ke magana a kansa, watau batirin litiyam, wanda a ke rubuta Li-ion a jikinsa. Shi bolt 3.6 ko 3.7 ne a tsaka-tsakin aikinsa, in ya cika kuwa bolt 4.2.

Wannan batir baƙo ne na baya-bayan nan. Kamfanin Sony na ƙasar Japan shi ya fara fitar da shi kasuwa a 1991, a 2019 kuma aka ba mutum uku da suka kafa tushensa kyautar Nobel ta fannin kimiyyar sinadarai, su ne John Goodenough da Stanley Whittingham da Akira Yoshino. Dutsen da a ke samun litiyam a cikinsa ma akwai shi a ƙasarmu, har a 2024 aka buɗe masana'antar sarrafa shi a Jihar Nasarawa. Amfanin wannan batir ba ya misaltuwa. Shi ne a cikin wayar hannu, da kwamfutar tafi-da-gidanka, da tocilan na 'yan sintiri, da fitilar sola da yara ke bitar karatu da ita, da askar lantarki ta masu aski. Abin da ya sa ya ƙwace kasuwa shi ne yana ɗaukar wuta mai yawa a cikin ɗan ƙaramin jiki. Abin da ya sa ya ke da haɗari ma shi ke nan.

Mutanen Rano da Bunkure da Kura ba su bukatar dogon bayani a kan wannan, domin sun san ban ruwa. Tun da aka gina madatsar Tiga tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, manomin rani ya san yadda a ke sakin ruwa cikin fangali. Da fari ya kan buɗe hanya ruwa ya shiga da ƙarfinsa, in ya ga ya kusa cika sai ya rage, in ya kai baki sai ya toshe. In ya tafi hira ya bar hanya a buɗe, gefen fangalin ya ɓalle, shuka ta tafi. Dattawa kuwa ba su manta da daminar 1988 ba, sa'ad da ruwa ya fi ƙarfin madatsar Bagauda ta ɓalle. To, cajar litiyam ta gaskiya aikin manomin nan ta ke yi. Da fari ta kan ba batir wuta daidai gwargwado, in ya kai bolt 4.2 sai ta tsaya a nan ta riƙa rage wutar kaɗan-kaɗan, in ya ƙoshi ta yanke gaba ɗaya. Ratar da masu ƙera batir suka yarda da ita a kan 4.2 ɗin nan ba ta wuce bolt 0.05 ba. Ku dubi ƙanƙantar wannan rata, sa'an nan ku tuna malaminmu bolt 12 ya ba shi.

Me ke faruwa a ciki in an wuce iyaka? Cikin batirin nan akwai falle biyu dogaye da aka naɗe kamar tabarma, tsakaninsu akwai wata 'yar leda da ta fi takarda sirantaka, ita ce ke hana su taɓa juna. An kuma jiƙa su da wani ruwa mai kama wuta kamar kananzir. In aka ci gaba da tura wuta bayan batir ya cika, sai litiyam ya riƙa taruwa a kan falle ɗaya yana fitar da tsini-tsini, ɗaya fallen kuwa ya fara lalacewa yana fitar da iskar da wuta ke ci da ita. Zafi ya ƙaru, iska ta taru ta rasa mafita. In tsinin nan ya huda ledar, ko kuwa zafi ya kai wajen digiri 130 ta fara narkewa, sai fallen biyu su haɗu, duk wutar da ke ciki ta fita lokaci guda. Zafi ya haifi zafi, ba mai iya tsai da shi. Ga mai, ga iska, ga tartsatsi, duk a cikin gwangwani guda wanda bai fi babban yatsa ba.

Wani zai ce, ai mu kullum muna aron cajar waya a hannun maƙwabta, ba abin da ya same mu. Wannan magana tana da gaskiyarta, kuma a nan ne ruɗin ya ke. Abin da mu ke kira cajar waya ba ita ce ke tsare batir ba. Ita dai bolt 5 ta ke bayarwa, mai gadin kuwa yana can cikin wayar, wani ɗan ƙaramin sashe da aka ƙera don ya auna wuta ya yanke in batir ya cika. Shi ya sa cajar waya mai kyau ta kan yi wa waya iri-iri aiki, har ma ƙasashen Tarayyar Turai suka yi doka, daga 28 ga Disamba 2024, sababbin wayoyi duk su zama da bakin caji iri ɗaya. Amma batirin da a ke zarewa daga leza ko tocilan, yawancinsa tsirara ya ke, ba shi da mai gadi ko kaɗan. Duk abin da ka ba shi zai haɗiya har ya fashe. Saboda haka ɗabi'ar da muka saba da ita a wajen waya, in muka kai ta wajen tsiraran batir, ita ce za ta ƙone mu.

Bari mu lasafta irin kuskuren da muka gani da idonmu a wannan rangadi. Akwai mai aron wayar dikoda ko ta rediyo don kawai bakinta ya shiga, alhali baki ɗaya na iya ɗaukar bolt 5 ko 9 ko 12. Akwai mai yanke wayar cajar salula ya fere bakin, ya manna jan zare da baƙi a kan batir da salatif, watau ya ba shi bolt 5 ba mai yankewa. Akwai mai sa batir ɗaya a cajar da aka yi don guda biyu a jere, wadda ke ba da bolt 8.4. Akwai mai jona shi da cajar batirin dalma, wadda ita ba ta yankewa, sai dai ta yi ta ɗiga wuta har safiya. Batirin dalma na jure wa wannan, na litiyam ba ya jurewa. Akwai kuma mai jona shi kai tsaye da faifan sola a tsakar rana. Dukansu hujjarsu guda ce, wai sun yi sau da yawa ba abin da ya faru. To, barnar tana taruwa ne a ciki inda ido ba ya gani, ranar da za ta fito kuwa ba ta sallama.

Har a cikin dangin litiyam ma akwai masu kama da juna da ba su ɗaukar caja ɗaya. Lambar nan 18650 da ku ke gani a jikin batir awonsa ne kawai, watau kauri milimita 18, tsawo milimita 65. Ba ta gaya maka abin da ke ciki. Akwai wani iri da a ke sa wa fitilun sola, an rubuta LiFePO4 ko 3.2V a jikinsa, shi iyakarsa bolt 3.65, in ka kai shi 4.2 ka cuce shi. Akwai ɗan gajere da a ke sa wa ƙananan leza da kyamara, mai lamba CR123A, bolt 3 ne, kuma sam ba a yi masa caji, in aka yi yana iya fashewa. Yana da ɗan'uwa mai kama da shi ƙwarai, mai lamba 16340, wanda shi a ke yi wa caji. Akwai kuma mai lamba 14500, girmansa ɗaya da ɗan batirin agogon bango, amma shi bolt 3.7 ne a maimakon 1.5, in ka sa shi a fitilar da ba don shi aka yi ta ba sai ta ƙone. Ban da bolt, akwai yawan wutar da caja ke turawa, wanda a ke rubutawa da harafin A. Cajar da ta dace da babban batir tana iya fin ƙarfin ƙarami, kamar yadda ba a ɗura wa tulu ruwa da bakin injin ban ruwa. Hausawa sun gama magana da suka ce kama da wane ba ta wane.

Ga kuma batun jabu. Batirin 18650 na gaskiya, daga manyan kamfanoni, abin da ya ke ɗauka bai cika wuce 3,500 mAh ba, nauyinsa kuwa wajen giram 45 ne. In ka ga an rubuta 8,800 ko 9,900 a jikinsa, ka kuma ji shi sakayau a hannu, to, ƙarya aka rubuta maka, wanda kuwa ya yi maka ƙarya a kan wannan ba ka da dalilin amincewa da shi a kan sauran. Waɗansu kuma tsofaffi ne da aka ciro daga matattun baturan kwamfuta aka sake musu riga. Tsohon batir da ya daɗe a mace, har ya faɗi ƙasa da bolt 2.5, cikinsa ya riga ya lalace, tilasta masa caji neman fitina ne. In jabun batir ya haɗu da cajar aro, an haɗa makaho da gurgu a kan hanyar mota.

Yanayin ƙasarmu kuma yana ƙara wa abin nauyi. Masu ƙera batir sun ce a yi masa caji tsakanin digiri 0 da 45. A ƙasar Kano, cikin Afrilu, zafin inuwa kan haura digiri 40, balle cikin ɗakin kwano da tsakar rana, balle kuma a kan katifar soso wadda ba ta barin zafi ya fita. Ga shi wutar lantarki ba ta zama, sai a yi caji da dare in an kawo ta, kowa ya yi barci. Ga ƙaramin janareta mai hawa da sauka. Ga gidajenmu na ƙauye kewaye da danga da zana da kara da harawa, waɗanda da rani tartsatsi ɗaya ya ishe su. Motar kashe gobara kuwa, kafin ta iso ƙauyen da ke bayan Kibiya, sai dai a yi jaje.

Kada wani ya zaci wannan tsoro ne na mutanen ƙauye. A watan Janairu 2013 an hana jiragen sama samfurin Boeing 787 tashi a duniya har wajen wata uku, saboda batirin litiyam da ya yi zafi ya kama a cikin biyu daga cikinsu. A 2016 kamfanin Samsung ya janye wayarsa Galaxy Note 7 daga kasuwa, ya daina ƙera ta ɗungum, saboda tana kamawa da wuta. A birnin New York na Amurka, cikin 2023 kaɗai, an yi gobara 268 ta dalilin irin wannan batir, mutum 18 suka mutu, galibi daga baturan kekuna da babura masu lantarki, nasihar da 'yan kwana-kwana na can su ke ta nanatawa kuwa ita ce kowa ya yi amfani da cajar da ta zo da kayansa. In masu injiniyoyi da ɗakunan gwaji sun sha wuya a hannun wannan batir, ina ga mai fere waya da reza a gindin bishiya?

Tun da ya ke leza ce ta jawo wannan magana, wajibi ne mu faɗi kalma biyu a kanta ita kanta. Tun 1960 aka ƙirƙiro ta, tana kuwa da amfani mai yawa a asibiti da masana'antu da aikin safiyo. Amma haskenta a dunƙule ya ke, in ya shiga ido sai ya taru a wuri guda can ciki inda gani ke sauka, ya ƙona wurin, ba kuwa lalle a ji zafi ba. Wadda ƙarfinta bai wuce miliwat 1 ba, ƙiftawar ido ta kan isa kariya. Wadda ta haura miliwat 5 tana iya ɓata ido kafin a ƙifta. Irin manyan nan da ke cin batirin 18650, da yawansu sun ninka wannan sau da yawa, ko da an rubuta ƙasa da 5 a jikinsu. A 2013 hukumar awo ta Amurka ta gwada guda 122, ta tarar kusan kashi 90 cikin 100 na masu koren haske sun saɓa wa ƙa'ida. Masu kallon ƙwallo sun tuna daren 29 ga Maris 2022, da 'yan kallo a Senegal suka rufe fuskar Mohamed Salah na Masar da koren haske sa'ad da zai buga fanareti, har hukumar FIFA ta ci tarar Senegal saboda wannan da waɗansu laifuffuka. Yaranmu sun ga wannan a gidajen kallo, suna kuwa kwaikwayo. Shawararmu ga malamai ita ce, wanda ya ke son abin nuni a aji ya nemi ƙarama mai jan haske, mai cin batirin agogo, in kuwa bai samu ba, sandar gora ba ta taɓa ƙone katifar kowa ba.

To, mene ne abin yi? Ga ƙa'idodi da mu ke roƙon kowane malami ya rubuta a allo, kowane akawu kuma ya manna a ƙofar ofis.

Na farko, kafin ka jona kome, karanta abin da aka rubuta a jikin batir da jikin caja. In batir ya ce Li-ion 3.7V, caja ta ce 4.2V, sun dace. In ba su dace ba, ko kuwa cajar ba ta da rubutu, bar ta. Shigar baki ba shaida ba ce.

Na biyu, in cajar da ta zo da kaya ta mutu, tafi da batirin da matacciyar cajar wurin mai gyara wanda ya ke da mita, ya auna a gabanka. Caja ta gari tana da 'yar fitila mai sauya launi in batir ya cika, in kuma aka auna batirin bayan an cire shi ba zai wuce 4.2 ba.

Na uku, yi caji a kan siminti ko ƙasa, cikin inuwa, nesa da katifa da labule da takardu da galan ɗin fetur, kada kuma a bakin ƙofar da za a bi a fita. Kada ka bar shi ka tafi masallaci ko kasuwa, kada ka yi barci ka bar shi. Batir mai 2,500 mAh a caja mai 1A ba ya wuce wajen sa'a uku.

Na huɗu, riƙa taɓa shi. Ɗumi kaɗan ba kome, amma in ya yi zafin da hannu ba ya jurewa, ko ya kumbura, ko ya fara wari, ko yana tsatsafo, zare caja daga soket, ka fitar da shi waje da cebur ka ajiye a kan yashi.

Na biyar, kada ka zuba tsiraran batir a aljihu tare da makulli ko wani ƙarfe, domin ƙarfen na iya haɗa kansa da gindinsa. In rigarsa ta yage, daina aiki da shi. Fitilar da ke cin batir biyu kuwa, a ba ta biyu iri ɗaya waɗanda aka saya tare.

Na shida, mataccen batir ba a jefa shi a murhu, ko a juji inda a ke ƙona shara, ba a kuma ba yara su fasa. A naɗe kansa da salatif, a ajiye cikin gwangwani mai yashi.

In kuwa ƙaddara ta faɗa ya kama, a fara fitar da mutane, domin hayaƙinsa guba ne. A kashe janareta ko a yanke wutar gida tukuna, sa'an nan a zuba yashi ko ruwa mai yawa daga nesa. Kada a ɗauka da hannu ko da ya mutu, gama ya kan sake tashi. Wanda ya ƙone a zuba wa wurin ruwa mai sanyi na tsawon lokaci, a kai shi asibiti, kada a shafa masa manja ko man goge baki. Yaron da aka haska wa leza ya ce yana ganin baƙin ɗigo, a kai shi wurin likitan ido ba tare da jinkiri ba.

Muna da kira ga masu sana'ar cajin waya, waɗanda rumfunansu ke kowace tasha da kowace kasuwa. Sana'arku ta taimaki jama'a ƙwarai, amma ku ne kuka fi kowa zama kusa da haɗari, ga batura barkatai, ga janareta, ga fetur. Ku ajiye bokitin yashi, ku raba fetur da wurin caji, in an kawo muku batirin da ba ku da cajarsa ku ce ba ku da ita. Kuɗin caji ɗaya bai kai rumfa ba. 'Yan kasuwa masu sayo kaya daga Sabon Gari da Farm Centre kuma, ku daina raba fitila da cajarta, ku gaya wa mai saye gaskiyar abin da ya saya. Hukumar kula da ingancin kaya ta ƙasa, watau SON, wadda aka kafa tun 1971, muna roƙonta ta sa ido a kan batura masu lambar ƙarya da cajojin da ba su da rubutu, tun daga bakin shigowarsu. Muna kuma fatan Mai Martaba Sarkin Rano, Autan Bawo, da hakimai da dagatai da limamai za su sa baki, gama maganarsu tana isa inda jarida ba ta isa.

Amma babban nauyi a kanku ya ke, ku malaman makaranta da akawunan hukuma. A zamanin En'e, kafin gyaran ƙananan hukumomi na 1976, malami da akawu su ne idon gari. Su ke karanta wa mutane wasiƙa da takardar haraji da awon auduga da gyaɗa, su ne kuma suka ɗauki Yaƙi da Jahilci a kafaɗarsu. Yau masu karatu sun yawaita, alhamdu lillahi, amma ga wani sabon jahilci ya shigo, watau mutum ya iya karanta jarida sarai, ya kasa juya caja ya karanta lamba biyu. Darasi ɗaya na minti 40 ya isa. Malami ya zo aji da batura uku da caja uku, ya sa yara su karanta lambobin, su faɗi wace ta dace da wane. Lissafi ne, kimiyya ce, kiwon lafiya ne. Yaron da ya koyi wannan da safe, da yamma zai hana mahaifinsa yin kuskure. Mu ma a kwalejinmu mun ɗauki alkawari, ba za mu sake tura ɗalibi aikin koyarwa ba sai ya yi wannan darasi a gabanmu.

Malamin nan na Kibiya hannunsa ya warke, ya sake yi wa yaransa jarrabawa, ya kuma sayi sabuwar rajista da kuɗinsa. Ya roƙe mu mu bar masa gwangwanin batirin da ya fashe, ya ce da shi zai fara koyarwa ranar Litinin, muka bar masa. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Kowa ya karanta wannan, yau kafin ya kwanta ya tattara cajojin gidansa ya juya bayansu ya karanta. Allah Ya tsare mu da gobara, Ya ba mu ilimi mai amfani, amin.